Ka Ci Abinci?

"Tela! Tela! Bar keken nan ki zo, abin nan ya haukace!"

Sakatariya ce ke dukan bangon da ya raba ɗakina da nata. Na yar da rigar da nake ɗinkawa, na fita ko takalmi babu, don na ɗauka ciwon ƙirjinta ne ya tashi. Ina shiga na tarar da ita zaune daram a gaban tebur, gilashi a kan hanci, kumburarrun ƙafafunta a kan bokitin da ta kife, tana nuna min tsohuwar kwamfutar da ɗanta ya bar mata.

Fuskar kwamfutar baƙa ce ƙirin, sai farin rubutu layi ɗaya: "Ka ci abinci?"

"Amsa mata," in ji ta.

Na lalubi haruffan da yatsa ɗaya, na rubuta "Na ci." Nan take tambayar ta sake fitowa a ƙasa. Na sake amsawa, ta sake tambaya.

"Yaya, saboda wannan kika kusa sa mini hawan jini?"

"Ni na rubuta shi fa! Ni na koya mata tambayar. Sai dai ban san yadda zan sa ta yi shiru ba."

"Ta gado ki ke nan," na ce.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Shekara da shekaru ta yi tana buga takardu a wani ofis, ta yi ritaya amma sunan ya bi ta. Mijinta ya rasu tun kafin in tare a gidan. Ɗanta ɗaya ne tilo, tana kiransa Injiniya, yana can wani gari mai nisa yana rubuta manhajar kwamfuta. Yakan kira ta ranar Asabar, kuma bangonmu ba ya riƙe sirri, don haka na haddace hirar. Lafiya? Lafiya lau. Ka ci abinci? Na ci, Umma, sai anjima, ana jirana. Kafin in zura zare a allura sun gama.

Ni dai haushinsa nake ji, ban kuwa ɓoye mata ba. Ita ce ke kare shi.

"Ba laifinsa ba ne, Tela. Me zan ce masa? Wance ta haihu, wane ya rasu? Bai ma san su ba. Gara in koyi yarensa, ko ma samu abin hira."

Haka ta fara, da bidiyo a waya. Takan jingina wayar da gwangwanin madara, ta kalli kaɗan, ta tsayar, ta buga abin da ta gani, ta koma baya. Mai koyarwar yana da saurin baki, sai ka ji ta tana masa faɗa kamar yana jinta: "Kai yaro, kora ake maka?" Bugu ba ya ba ta wahala, yatsunta sun fi na kowa sauri. Jan rubutun da ke fitowa in ta yi kuskure shi ne abokin gabarta. Ranar da kwamfutar ta fara rubuto mata "Sannu Sakatariya", sai da duk mutanen gidan suka shigo suka gani, har da mai wankin da ya zo karɓar kaya.

Dabarar ta ci da farko. Asabar ɗin da ta gaya masa ta fara koyo, na ji dariyarsa ta cikin bango. Suka daɗe yana mata bayani, tana "to, to", har na gama wuyan riga na kama hannu. Kwana da kwanaki tana ba ni labarin wayar nan.

Da ta kawo masa maganar tambayar da ta ƙi tsayawa, ya ce ta turo hoto zai duba. Ta tura. Asabar ta zo, ya ce aiki ya yi masa yawa, sai ta gaba. Ta gaban ma haka. Ita kuwa ƙafa na ƙara kumburi, daga tebur zuwa ƙofa sai ta huta.

Wata rana da la'asar na kai mata zanen da na kalmashe mata, na tarar tana murmushi ita kaɗai.

"Zo ki amsa."

Na rubuta "Na ci." Sai kwamfutar ta ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka." Ta tsaya cak.

Na buga guɗa. Ta nuna min layin da ta ƙara, wanda ke gaya wa kwamfutar ta daina tambaya in an ce an ci. Da kanta ta gano, ba wanda ya nuna mata. Sai kuma murmushin ya ɗauke. Ta matsa farkon layin, ta danna wata 'yar alama, layin ya dushe.

"Me kika yi?"

"Na kashe shi. Yanzu tsallake shi za ta riƙa yi."

"Don me?"

"In na ce masa na gyara, me zan tambaye shi ranar Asabar?"

Raina ya ɓaci. "Yaya, ki gaya masa ba ki da lafiya mana! Me ye na wannan kewaye-kewayen?"

"Sai ya taso hankali a tashe, ya kai ni asibiti, ya koma. Ni ba jinya nake nema ba, Tela. Hira nake so."

Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Ba ta ga Asabar ɗin ba. Wata safiya na ji shiru, babu ƙarar madannan kwamfuta, babu faɗa da mai bidiyo. Na leƙa na same ta a bakin gado tana numfashi da ƙyar. Muka kai ta asibiti, kafin la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Injiniya ya iso washegari, bayan an riga an kai ta makwancinta. Na tanadar masa maganganu masu zafi, na jera su tsaf a raina. Da na gan shi a tsakar gida da jaka a kafaɗa, ya rame, idanunsa irin nata sak, sai duk suka gudu. Na ba shi makulli kawai.

Da rana na zuba abinci na kai masa. Yana zaune a kujerarta, kwamfutar a buɗe.

"Ta ce in duba mata wani abu, Anti," ya ce, bai juyo ba. "Ƙaramin abu ne fa. Layi ɗaya kawai ya..."

Ya matso da fuskarsa kusa.

"Wa ya rubuta mata wannan?"

"Ita da kanta."

"Ai daidai ne. Ta gyara shi." Ya sake karanta layin. "To me ya sa ta kashe?"

Ya kalle ni, ya kalli layin, na ga lokacin da ya gane. Tausayinsa ya kama ni fiye da yadda na so.

Na ɗauka zai goge alamar. Bai taɓa ta ba. Ya kunna abin yadda ta bar shi, tambayar ta fito. Ya rubuta, "Na ci, Umma." Ta sake fitowa. Ya goge ido da bayan hannu, ya sake amsawa.

Na ajiye kwanon a kan bokitin da take ɗora ƙafa, na ja masa ƙofa. Ina zaune a gaban kekena ina jin ƙarar madannan ta cikin bango, a hankali, ba irin saurinta ba.