Ɗigon Gwaggo Azumi

Naja'atu na karɓar shafin daga hannun Muktar ta ƙura wa zanen da ke jiki ido. Aikin kammala karatunta ne na lissafi, a kan kwanukan buɗa-baki da gidajen unguwarsu a Gazara ke aika wa juna da azumi. Kowane gida ɗigo ne, in kwano na tafiya tsakanin gida biyu sai a ja layi. Manhajar lissafi ke fitar da zanen, shi kuma Muktar, mai shagon buga takardu a Makarfi, ya jera shi cikin rubutu.

Gidaje duk sun dunƙule a tsakiya. Ɗigon Gwaggo Azumi, yayar babanta, shi kaɗai aka wurga can ƙasan shafi, yana reto da layi ɗaya. Ga shi Baba ya ce gida-gida zai zagaya da littafin. Gwaggo na gani za ta ce 'yar ƙaninta ta fitar da ita daga dangi.

Naja'atu ta saci kallon Muktar. Ɗan Inna Kulu ne, wadda ba sa ga maciji da Gwaggo tun rikicin iyakar gona. Ta tambaye shi ko hannunsa ya taɓa zanen.

"Malama Naja, ni da ko sunayen ban karanta ba?" in ji shi yana dariya.

Dariyar ce ma ta ƙara mata zargi. Ta ce ya sake fitar da zanen a gabanta. Zanen ya juya, gidan liman ya koma hagu, Gwaggo ta koma sama, amma dai tana waje. Ya sake, haka. Ya ce ai manhajar jan gidaje take kamar an ɗaure su da roba, mai layi da yawa shi ke shiga tsakiya. In tana so, sai ya rubuta wa ɗigon matsayi da hannu, ya dasa shi kusa da gidan su Naja'atu.

Saura kaɗan ta ce to. Sai ta ɗora yatsa a kan layin nan guda, tana bi, tana jiran ya kai ta gidansu. Gidan Inna Kulu ya kai ta. Ita ta tattara bayanan, ta shigar da su lamba-lamba, ba ta taɓa lura ba.

Ta ce masa kada ya buga tukuna.

Da yake watan azumi ne, gab da magariba ta yi sallama a gidan Gwaggo da kwanon kunu da ƙosai. Gwaggo ta ɗaga murfin, ta sansana, ta ƙura mata ido.

"Wa ya aiko ki? Me uwar taki take nema?"

Naja'atu na durƙushe tana murza gefen hijabi. Gwaggo ta juye kunun, ta ɗauraye kwanon tana mita, sannan ta jefa dunƙulen fura biyu a ciki.

"Ki ce mata gobe a rage tsamiya."