Ashanar da Ke Bukka ta Uku

Ni aka ɗora wa rubuta littafin tarihin ƙauyenmu na Tindvik, a can arewacin Nowe. Ba don na fi kowa ilimi ba ne. Shekara ashirin da bakwai na yi ina koyarwa a makarantar garin, kuma kowa ya san Malama Borghild ba ta barin magana a ciki. A 1978 na kammala shi. Shekara biyu na yi ina bin gidajen mutane da biro da takarda, ina shan kofi har cikina ya gaji, ina sauraron tsofaffi suna ƙaryata juna a kan nauyin kifin da aka kama tun kafin a haife ni.

Babi mafi tsawo shi ne na yaƙi, shekara biyar ɗin da Jamusawa suka zauna mana a ƙasa. A cikinsa kuwa shafi goma sha ɗaya na Eilif Brattli ne, kuma ya cancanta. Yana ɗan shekara ashirin yake ɓoye rediyo a rumbun kifi, yana aika labarin jiragen ruwan yaƙin Jamusawa zuwa ƙetare. Da asiri ya tonu a tsakiyar hunturun 1943, ya hau duwatsu shi kaɗai ya nufi iyakar Suwidin. Kwana tara ya yi cikin dusar ƙanƙara. Ya isa da ransa, amma ya bar yatsun ƙafa shida a hanya.

Tsakaninmu da iyaka akwai bukkokin katako huɗu na mafarauta. Ba a kulle su. Duk wanda ya kwana, kafin ya fita sai ya jera itace a murhu, ya sa ɓawon itace a ƙasa, ya ajiye ashana a kusa, don mai zuwa bayansa. Haka muka taso muka tarar. To amma Jamusawa sun kwashe itacen bukkokin tun farkon zuwansu, suka ce duk wanda aka gani a saman duwatsun harbi ne.

Duk da haka Eilif ya tarar da murhu a jere. A bukka ta uku ne abin ya fi ba shi mamaki, don a lokacin hannuwansa sun mutu da sanyi, ko ƙofar da kafaɗa ya tura ta. Ba zai iya riƙe tsinken ashana ba ko da za a yanka shi. Sai ya ga an kafe kwalin ashana a jikin tebur da ƙusa. A gefensa ga guntayen sanduna masu kaurin babban yatsa, an ɗaure tsinke uku uku a bakin kowacce da zare mai kwalta. Ya matse sanda ɗaya tsakanin wuyan hannuwansa, ya goga a jikin kwalin, wuta ta kama.

Ya taho da ɗaya daga cikin sandunan a aljihu, tana nan a gidansa cikin gilashi. Na sa an ɗauki hotonsa don littafin, na rubuta a ƙasa: “Aikin hannun da ba a sani ba.” Mutane sun fi arba'in da suka tsallake ta wannan hanya, kuma duk abin da suka faɗa ke nan. Mun yanke cewa makiyayan barewar ƙasar ƙanƙara ne na can ƙetaren iyaka. Duk lokacin da na karanta wannan shafi sai tsigar jikina ta tashi.

Akwai kuma wani shafin, guntu, mai sunayen waɗanda suka yi wa abokan gaba aiki. Mutum uku ne. Biyu sun mutu. Na ukun Halvdan Myrseth, mai saran itace, yana da rai, shekararsa tamanin da biyu. Shi ya riƙa kai wa barikin Jamusawa itace hunturu uku, da takardar izininsu a aljihu, yana hawa daji yadda ya ga dama alhali mu ko bayan coci ba ma wucewa. Da yaƙi ya ƙare ba a ɗaure shi ba. Abin da aka yi masa ya fi ɗauri: aka daina gaishe shi.

Ranar Juma'a za a kai littafin maɗaba'a. Ran Litinin na ce wa Eilif zan je in karanta wa tsohon abin da na rubuta a kansa, ya ji da kunnensa.

“Ke Borghild, neman magana dai!” in ji Eilif. “Me za ki je yi gidan karen farautar Jamusawa? Kofi za ki sha?”

“In ya ba ni zan sha. Ba na sa sunan mai rai a littafi ta bayan idonsa.”

“To ki gaishe shi. Ki ce masa ni da nake ɗingishi ina gaisuwa.”

Gaskiya ba don tausayi na je ba. Ina da shekara goma sha biyar lokacin yaƙin, na ga mahaifiyata tana fasa kujerar kakanmu don mu samu na dafa dankali, amalanken Halvdan na kan ƙanƙara kuwa yana wucewa ta ƙofarmu shaƙe da itace zuwa bariki. So nake in ga idonsa idan na karanta masa.

Ran Talata da hantsi na ƙwanƙwasa. Ya daɗe kafin ya buɗe, ya tsaya yana dubana kamar ya manta abin da ake yi da baƙo.

“'Yar Johannes ce? Malamar makaranta?”

“Ni ce, Baba Halvdan.”

“To shigo mana, kina shigo min da sanyi.”

Ɗakin tsaf yake, kujera ɗaya tak a bakin tebur. Ya ba ni ita, ya ce wutarsa ta mutu, bari ya hura ya ɗora kofi. Na buɗe takarduna na soma karatu da muryar da nake yi wa yara marasa ji. Ban kai layi na uku ba na ɗago kai.

Ya cire safar hannunsa ta ulu. Duk garin an san ya rasa yatsu tun yana saurayi, lokacin da jirgin ruwan farautarsu ya maƙale a ƙanƙarar teku suka yi wata biyar a kanta. Amma ban taɓa ganin hannuwan a buɗe ba. Na dama saura babban yatsa da ɗan guntu, na hagu yatsa biyu da ba sa lanƙwasuwa. Ya miƙa su kan kantar da ke gefen murhu ya matso wata guntuwar sanda tsakanin wuyan hannuwansa. Tsinken ashana uku a bakinta, an ɗaure da zare mai kwalta. Ya goga a jikin kwalin da aka kafe a bango da ƙusa.

Takardun suka zube daga cinyata. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

“Baba Halvdan, wa ya koya maka wannan?”

“Wanne? Hura wuta?” Ko waiwayowa bai yi ba. “Hannun nan ne ya koya min. Ke da me kike so in hura, da hanci?”

“Bukka ta uku,” na ce. “Kai ne.”

Ya ɗora buta a kan murhu, ya gyara mata zama. “Dukka huɗun dai. Ta ukun ce mai wahalar hawa.”

Sai da na yi ta jan maganar kamar ana zare ƙusa daga tsohon katako. Duk mako biyu yake hawa. Ya sare wa Jamusawa nasu a gindin dutse, ya ɗaure doki, ya goya ɗauri ɗaya a baya ya zaga bukkokin da ƙafa. Hunturu uku. Bai taɓa haɗuwa da ko ɗaya daga cikin masu gudun ba, bai kuma so ya haɗu ba, don abin da bai gani ba ba za a iya dukansa ya faɗa ba. Toka kawai yake tararwa, ya san wani ya wuce da rai.

“Shekara talatin da uku!” na ce. “Shekara talatin da uku kana zaune mutane suna tsallake titi in sun hango ka. Me ya hana ka buɗe baki?”

“In ce me? In tara jama'a a coci in ce na jera itace a murhu? Haba Malama. Wa kika taɓa ji yana alfahari da wannan? Ka tarar a jere, ka bari a jere.” Ya zuba min kofi da hannuwa biyu. “Kuma abin da kika rubuta ba ƙarya ba ne. Na kai musu itace, sun sha ɗumi da shi. Mahaifiyarki ta fasa kujera, na gan ta. Ki bar shi yadda yake.”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da kuma wani abu mai kama da tsoro. Na tambayi mutum ɗari da sha huɗu don littafin nan. Kowa ya san hannun Halvdan, kowa ya ga sandar Eilif cikin gilashi. Amma tunda babu wanda ya taka ɗakin nan tun 1945, babu wanda ya taɓa tambayar kansa yadda tsohon yake hura wuta da safe.

Ban sha kofin ba. Na tafi kai tsaye wurin Eilif a bakin tashar jiragen kamun kifi, na kama hannun rigarsa.

“Taso.”

“Ina kuma? Ke lafiyarki kuwa?”

“Ka rufe min baki ka ɗauko sandar nan taka ta cikin gilashi. Yau ɗaya dai ka ji maganar malama.”

Ya biyo ni yana ƙunƙuni yana ɗingishi, har muka kai ƙofar. Da ya gane gidan sai ya ja ya tsaya. Na tura shi ciki da ƙarfina.

Ba wanda ya gaida wani. Na nuna masa bangon. Eilif ya dubi kwalin da ƙusarsa, ya dubi sandunan da ke jere a kan kanta, ya ciro tasa daga aljihu ya ajiye a gefensu. Zare ɗaya, ƙulli ɗaya. Ya daɗe a tsaye.

Tsohon ne ya fara magana.

“Kai ne na watan Janairu, ko? Wanda ya bar safa mai jini?”

Eilif ya gyaɗa kai.

“Ka tafi ka bar murhu wayam,” in ji Halvdan. “Ga itace na tara maka a lungu, ko tsinke ba ka jera ba. Bayan kwana biyu wata mata ta biyo hanyar da goyo, daga baya na ji labarinta. Allah ya sa na riga ta isa. Tun a lokacin nake so in ga ɗan wane ne ba a koya masa ba.”

“Baba,” in ji Eilif, “hannuwana...”

“Na sani. Shi ya sa ban kai ƙararka wurin ubanka ba.”

Na zauna a kujerar nan ɗaya ina kuka kamar yarinya, ni da yara ke gudu in sun ji takuna.

Littafin bai je maɗaba'a ran Juma'ar ba, sai bayan wata guda. Halvdan ya kafe a kan kada in cire sunansa daga guntun shafin, na bar shi, na ƙara a gabansa: “Duba shafi na 212.” A shafi na 212, ƙarƙashin hoton sandar, na goge abin da na rubuta da farko na sa sunansa.

Amma ranar Talatar ba mu tafi da wuri ba. Wutar da ya hura mana ta ci ta cinye, tsohon ya ce zai ɗan kishingiɗa. Eilif ya jingine sandar dogarawarsa a bango. Da ƙyar ya durƙusa a gaban murhun, don ƙafafunsa ba sa son durƙuso. Ya kwashe tokar, ya shimfiɗa ɓawon itace, ya soma jera ƙanana a kai.

Halvdan ya leƙo daga bakin gado.

“Ba haka ba, yaro. Bar wa iska hanya.”

Eilif ya kwashe ya sake jerawa.