Famfon Hajiya Amama

Duk unguwar Maamobi ba mai iya gaya maka takamaiman aikin Sahada, 'yar Alhaji Sulemana mahauci. An san ta yi jami'ar Legon, ta haye ƙasar waje, ta dawo da digirin dakta. Ita ce ta farko a Zango da ta koyi karanta ƙwayoyin halittar cuta da kwamfuta, har ta kafa ɗakin bincikenta tana yaye ɗalibai. Amma mutanenmu, aikin da ba ya sa gumi ba aiki ba ne a wurinsu, sai suka yanke cewa danne-danne kawai take yi.

Ana haka taifot ya faɗo unguwa, irin mai taurin kan nan. Yara suka yi ta kwanciya. Zuera mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ta tare Sahada a bakin layi, idonta jawur.

"Anti, yarinya na ba ya ci, ba ya sha. Magani ba ya aiki koraa, ko kaɗan. Duk karatun nan naki, babu namu a ciki?"

Maganar ta soki Sahada. Ta karɓo samfurin marasa lafiya daga asibiti, ta baza ɗalibanta suka ɗebo ruwan tankuna, rijiyoyi da kwatoci, ta zuba bayanan a kwamfuta. Da na'urar ta jera dangantakar ƙwayoyin, sai ga su duk 'yan gida ɗaya, gidan kuwa shi ne famfon ƙofar masallaci, wanda ubanta ya haƙa sadaka ga marigayiya uwarta, Hajiya Amama. Bututunsa ya tsage a inda ya ratsa kwata.

Ta sake lissafin tana fatan ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Tsoro ya kama ta, don ta san tsohon: kowace safiya da hannunsa yake goge tankin famfon.

Ta same shi ranar Alhamis bayan la'asar, ta durƙusa ta faɗa masa.

"Ruwan uwarki?" in ji shi. "Ruwan da ake alwala da shi ana sa mata albarka? Ni kullum shi nake sha, ga ni garau."

"Baba, in aka sauke shanu a kasuwa, kana gane na garke ɗaya?"

"Tun daga nesa."

"Haka nake gane waɗannan. Abin da ke cikin yaran da abin da ke cikin famfon, garke ɗaya ne. In ba a rufe ba gobe, zan kai wa hukuma. Ka yafe ni."

Alhaji ya ɗauki sandarsa ya fita. Sahada ta zauna ta yi kuka, don gani take ta rasa uwa, yanzu kuma uba zai juya mata baya.

Washegari bayan sallar Juma'a, tana tsaye cikin mata sai ta ji muryarsa a lasifika.

"Jama'a, ruwan da na ba ku akwai cuta. 'Yata Sahada ce ta gano, kuma na yarda da ita. Ba domin a cuci 'ya'yanku na haƙa shi ba."

Ya fito da ƙaton kwaɗo daga aljihun rigarsa, ya garƙame famfon a gaban kowa.

Kafin wata ya mutu cutar ta lafa, 'yar Zuera ta koma makaranta. Wasu unguwanni suka ɗauki tsarin Sahada, har daga ƙasashen waje ake gayyatarta ta koyar. Masu cewa danne-danne kuwa suka koma cewa ai tun tana ƙarama suka ga alama.

Da aka canja bututu, masu gyara suka ce an gama, a buɗe famfo. Liman ma ya sa baki. Mata suka jera bokitai har bakin titi. Alhaji ya zauna a kan benci, mabuɗi a dunƙule a hannunsa.

"Sai Sahada ta ce," shi ne kawai amsarsa.

Haka unguwa guda ta tsaya cikin rana tana jiran mace ɗaya. Da ta sauko daga trotro, motar haya, aka dare mata hanya. Ta je gabansa ta rusuna.

"Na gwada, Baba. Ruwan Mama ya yi tsabta."

Tsohon ya yi ƙoƙarin sa mabuɗin, hawaye ya hana shi ganin ramin. Sai ya miƙa mata.