Katin Ranar Litinin

…kuma agogon nan ba ya tsayawa, Aurèle. Sha biyun rana saura ashirin. Babu abin da bai taɓa lalacewa ba a gidan rediyon nan, injin wuta, tarho, butar shayi, har kujerar da nake kai, amma ban da agogon. Saura minti ashirin a kunna jar fitila in yi wa Baba magana, ni kuwa farar takarda ce a gabana. Shekara ashirin da biyu ina karanta saƙonnin mutane a ɗakin nan. Fernande mai bakin da ba ya gajiya. Yau jimla ɗaya ta gagare ni.

Baba, ɗanka ya… a'a. Baba, Aurèle ba zai zo ba. Sai ya ce don me? Wa zai tambaya, akwatin rediyo? Shi kaɗai ne a bukkarsa can Baƙin Tafki tun watan Oktoba, shi da tarkunansa da fatun da yake shanyawa, ba tarho, ba maƙwabci, tafiyar rabin yini a babur ɗin ƙanƙara. Sha biyu daidai yake murɗa rediyo, da kwata ya kashe, don kada batir ya ƙare. Kai ne za ka kai masa sabon batir ranar Talata. Batir, fulawa, kananzir, da tabar da likita ya hana shi. Yau Alhamis. Kayan sun nitse a kogi a Mashigin Caron, kai kuma gawarka tana kwance a gidanka cikin kwat ɗin aurenka da ta yi maka kaɗan tun shekara goma.

In na gaya masa, zai taso. Na san shi. Ba zai ma kashe murhu ba, zai ɗaura takalmi ya miƙo, kuma hanya ɗaya ce, ta kan daskararren kogin nan da ya haɗiye ka. In na yi shiru — kwana biyu yana leƙen hanya, ai gobe da safe zai fito nemanka, ta nan ɗin dai. Jirgin sama ba zai iya sauka a tafkin ba, matuƙin ya ce ƙanƙarar ta zama kamar kunu, sai sanyi ya dawo, watakila Asabar, watakila Lahadi. Kwana uku nake so tsoho mai shekara saba'in da huɗu ya zauna wuri ɗaya. Abin da nake da shi na ɗaure shi muryata ce kawai.

Muryata…

"Yaya, ke ce Fadan cocin arewa, sai dai ke ba kya yafe zunubi, tona shi kike yi." Ka tuna? Kana tsaye a ƙofar nan, dusar ƙanƙara tana narkewa daga takalminka tana ɓata min dabe, ina korarka da tsintsiya. Ai da gaskiyarka. Wa aka haifa a ƙasar nan ban faɗa ba? Ana gaya wa wane a sansanin katako matarsa ta sauka, mace ce, ya taho da nama. Ana gaya wa wance injin ɗinkinta ya iso tasha. Tashar Ingilishi ta kudu ta fi mu ƙarfi, ta fi mu kiɗa, amma Baba ya ce in ya murɗo ta ji yake kamar ana wanke kwanoni. Mu kaɗai ke magana da Faransanci daga nan har inda itatuwa suka ƙare. Da harshen da uwarsu ta zage su da shi mutane suke so a gaya musu ko ƙanƙara za ta ɗauke su.

Kati. Farin kati ƙarami, ga irinsa nan tuli a aljihun tebur. Kullum sha ɗaya tsoho Télesphore zai huda ƙanƙarar kogin a mashigi, ya auna kaurinta, ya bugo tarho. In rubuta kauri, in rubuta rana a kusurwa, in karanta, in soke katin a ƙusar nan da ke kan tebur. Wanda aka soke ya mutu, ba a sake taɓa shi. Ranar da bai bugo ba kuwa, magana ɗaya ce: babu labari daga mashigi yau, kowa ya auna da kansa. Ni na kafa dokar. Ni na koya wa Normand ita lokacin da aka turo shi daga birni ya riƙe mana injuna, har ina masa tsawa kamar ɗan makaranta.

Ranar Litinin inci shida. Ban soke katin ba. Tarho ya yi ƙara, ko shayi ya tafasa, ko — me ya sa nake neman dalili? Ban soke ba.

Talata tarho bai yi ƙara ba. Wayar ta faɗi a hanya, jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙara ta yi mata nauyi. Jiƙaƙƙiya, Aurèle. Wanda aka haifa a nan ya ji haka ai ya san iska ta juya, ya san an yi ruwa a tudu, kogi ya kumburo ta ƙasa yana lasar ƙanƙara. Ni ina cikin ɗakin da ba taga tun ƙarfe shida, ban ji iskar a fuskata ba. Wannan ita ce ƙaryar da nake gaya wa kaina tun shekaranjiya, kuma ba ta kai ni ko bakin ƙofa. Na ga kusurwar katin. Litinin, da rubutuna. Na gani da idona. Na ce kwana goma ana sanyi, me zai ci inci shida a dare ɗaya? Kuma na tsani in ce babu labari. Na tsane shi kamar in yi baƙi tukunya ba komai. Fernande ba ta barin rami a shirinta, haka ake yabona, ni kuma kaina ya ɗauka. Sai na ɗaga katin na ce Mashigin Caron inci shida, hanya lafiya.

Sha biyu saura sha biyu.

Normand yana bayan gilashi yana murɗa abin da ba ya bukatar murɗawa. Ya sani. Yana nan ranar, ya san tarho bai yi ƙara ba, kuma bai ɗago ya dube ni ba tun da na shigo. Jiya shi ya riƙe shirin, ina bakin kogi ana jan igiya. Ya ce kada kowa ya taka mashigi, bai ambaci sunanka ba, don ba a fito da kai ba tukuna. Ɗazu ya ce in je gida, zai sake karantawa.

Na ce masa, "In Baba ya ji muryarka kwana biyu a jere, kafin ka kai aya ya ɗaura takalmi."

Ban ƙarasa masa ba. Baba cewa yake yi ɗan birni bai san ƙanƙara ba sai wadda ake jefawa a kofi. In Normand ya ce kada a taka kogi, Baba sai ya je ya gani da idonsa.

Har yanzu ban ɗiga ko harafi a takarda ba. Dubi biro. Kai da ka gani da ka yi dariya, ka ce tsufa ne, Yaya, ki bar wa yara aikin. Wane tsufa? Shekara tara na ba ka. Ni na goya ka ranar da aka binne Mama, kana cizon wuyan rigata, kana da nauyi kamar buhun dankali, mutane suna cewa ajiye shi mana, na ƙi. Ni na koya maka ɗaure igiyar takalmi. Ni na rubuta wa Jocelyne wasiƙar neman aurenka, don kai rubutunka sai ka ce kaza ta bi ta kan takarda, har yau ba ta sani ba, tana ajiye da ita a cikin littafin addu'a…

Jocelyne. Jiya ta rungume ni a ɗakin girkinku, gida cike da mata, tukunyar miyar wake a wuta ba mai ci. Ta sa bakinta a kunnena tana kuka, ta ce Allah ya isa tsakaninta da Télesphore, tsohon banza da ido ya ƙare masa, ya auna ƙarya ya kashe mata miji. Ni kuma na shafa bayanta. Na shafa bayanta, Aurèle! Na ce yi haƙuri, yi haƙuri. Tsohon yana zaune a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa, ya ji komai. Shekara talatin yana huda kogin nan kyauta.

Da zan fita ya bi ni har mota. Na ɗauka zai tambaye ni inda na samo inci shida. Da ma ya tambaya, da ma ya zage ni. Sai ya ce sun ciro keken kayan da kake ja a bayan babur, komai yana ɗaure yadda ka ɗaure shi.

"Har gatarin, 'yata. Yana cikin kubensa. Bai kwance shi ba."

Shi ke nan abin da ya ce, ya sa hularsa ya tafi.

Kai da ba ka taka ko kududdufi sai ka sare shi ka gani. Kai da Baba ya mara a bakin wannan mashigin kana ɗan shekara goma sha biyu, don ka ɗora ƙafa kafin ka ɗora gatari. Ka sari ƙanƙara a gaban Fada, ka sare ta a gaban jami'in daji mai takarda a hannu, ka ce takarda ba ta nitsewa, mutum ke nitsewa. Me ya same ka ranar Talata? Sauri kake yi? Rana tana gajarta, Baba yana jira, ka tsaya shan mai ka ji rediyo a gidan man, ka ji ni… ka ce Yaya ta faɗa. Wawa. Wawan ƙanena. Wa ya ce ka yarda da ni? Ina ƙaunarka, kuma haushinka nake ji kamar in shaƙe ka, kuma ba ni da ikon jin haushin kowa.

Saura biyar. Ga saƙonnin yau Normand ya turo ta ƙarƙashin gilashi. An ɗage wasan kati na coci. Wani yana neman karensa mai farin kunne. Katin mashigi, na yau, da rubutun Normand: ruwa a buɗe, kada kowa ya kusanta. Na duba kusurwa sau uku. Yanzu nake dubawa.

To in yi masa ƙarya? In ce babur ɗinka ya lalace, kana gida kana gyara, ya jira jirgi ranar Asabar. Zai zauna. Zai yi tsaki ya ce yaron nan bai iya riƙe inji ba, ya ci wakensa, ya yi barci kwana uku da ɗa a raye. Sannan ya sauko daga jirgi ya tarar an rufe ka, ya juyo ya dube ni. Ko in gaya masa gaskiya, ya ji shi kaɗai, a bukka, daga akwati, ba mai riƙe masa hannu, arewa duka tana saurare tare da shi. Sannan in ce zauna. Zauna kwana uku da wannan a ƙirjinka, Baba, kada ka motsa. Wane uba ne zai zauna?

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, Aurèle, na gaji, ƙashina ma ya gaji.

Normand ya ɗaga yatsu. Uku… biyu… Yanzu Baba ya goge hannunsa a wando, ya jawo kujera kusa da taga inda rediyo ya fi kamawa. Fitila ta yi ja.

"Saƙo zuwa ga Ovila Charron, a bukkar Baƙin Tafki. Baba, ni ce, Fernande. Kada ka kashe, ka saurare ni da kyau. Kada ka taka kogin. Ko me ka ji daga bakina bayan wannan, kada ka taka shi, jirgi zai zo maka. Ka yarda da ni, Baba, ƙanƙarar…"

Ka yarda da ni.

Ai Baba ma yana saurare. Ranar Talata ma sha biyu ya murɗa, a kujerar nan, kusa da tagar nan. Ya ji ni na ce inci shida, hanya lafiya. Ya tashi ya ƙara itace a murhu, ya ɗora abincin mutum biyu. Ya ji iskar ɗumi a fuskarsa, shi da yake da taga, watakila ya yi shakka, sannan ya ce Fernande ta faɗa. Duk abin da zan gaya masa yanzu zai haɗa shi da wancan kafin in rufe baki. Kuma in yana son ya rayu, dole ya sake yarda da ni.

Allurar injin mai auna muryata ta kwanta, ba ta motsi. Normand ya ɗago, yau dai ya dube ni. Daƙiƙa biyar… bakwai… batirin Baba yana ƙonewa a kan shiruna, ni kuma bakina a buɗe yake, ban san wace kalma ce ta gaba ba.