Bas ɗin da Baba Ya Saya wa Auta

Auta ta kawo bas ɗin a naɗe cikin tsohon tawul, ta rungume shi a ƙirji kamar jariri, ta ratso layin masu gyaran waya har ta iso teburin Injiniya. 'Yan layin ne suka laƙaba masa sunan, tun ana wasa har ya bi shi, shi kuma bai taɓa ƙin amsawa ba. Da ya hango ta sai ya miƙe ya kakkaɓe mata kujera da hannun rigarsa. An riga an fara maganar aurensu a gida, amma har yanzu in ta tsaya a gabansa sai ya manta inda ya ajiye sukudireba.

Ta warware tawul ɗin a hankali. Motar wasa ce, tsawonta bai wuce hannun yaro ba. Jikinta na kwano ne, shuɗin fentin ya koɗe ya koma kalar toka, an zana fasinjoji a tagogi suna ta murmushi, direban kuma da hularsa. A ƙarƙashi akwai gidan manyan batura biyu, irin na tsohuwar tocila.

Ta ba shi labarinsa tana shafa rufin da yatsa. Babanta direban bas ne mai dogon zango. Tana ƙarama, duk ranar da zai tafi sai ta riƙe masa ƙafar wando tana kuka, shi ne wata dawowa ya zo mata da wannan, ya ce ga nata bas ɗin, in ya tafi ita ma ta tuƙa nata su haɗu a hanya. In an kunna shi tafiya yake, ya daki bango, ya ja da baya, ya juya, yana busa wani ham mai dusasshiyar murya. Tun tana firamare ya daina motsi. Yanzu ƙafafun Baba sun ƙi, wuni yake a ɗaki yana kallon taga, kwanan baya kuma haka kawai ya tambaye ta ko bas ɗin nan yana nan. So take ya sake tafiya a gabansa.

"Abin da ke ciki za ka gyara," in ji ta. "In ya gagara, ka dawo min da shi yadda yake. Ba zan ji haushi ba."

Injiniya ya yi dariya. Ya ce mutumin da kullum yake ɗaga abin da bai kai ƙwayar yashi ba daga cikin waya, ai ba motar yara ce za ta ba shi kunya ba. Dogo, mai sayar da marufin waya a tebur na gaba, ya leƙo ya ce ta dai riƙa biyo sawu, don ya san mutumin nan, in ya ga mace sai bakinsa ya riga hannunsa. Auta ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya. Injiniya ya bi ta da kallo har ta sha kwana, zuciyarsa fal da murna.

Washegari ya kwance bas ɗin. Wani wari ya taso, na tsatsa da daɗewa. Ruwan tsohon batir ya ci gidansa ya bar kore-kore. Ya sa buroshi da sifirit ya goge, ya kankare, ya canja 'yan ƙarafan da suka ruɓe. Da ya taɓa wuta a jikin ɗan injin sai ya ji ya yi rawa a ƙarƙashin yatsansa, kamar ƙirjin tsuntsu. Da ransa. Ya yi murmushi shi kaɗai, yana hango fuskar Auta.

Abu ɗaya ya rage: wata siririyar waya ta tsinke daga ɗan farantin da ke raba wuta, dab da akwatin giya. Wata mata na tsaye a kansa tana ta faɗa wai tun da ya gyara mata waya ba ta jin mai kira. Yana ba ta haƙuri, hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa. Ya ɗauko bututun iska mai zafi, wanda da shi yake narka dalma a cikin wayoyi tun safe har yamma, ya kara a wurin. Bai ma yi tunani ba. Kayan cikin waya an yi su ne su jure wannan zafin. Giyar bas ɗin kuwa tsohuwar roba ce.

Ƙauri ne ya fara sanar da shi. Ya janye bututun, amma an gama. Ƙananan giyoyin nan farare sun lanƙwashe sun manne da juna kamar kyandir da aka manta a rana. 'Yar jakar iskar da ke busa ham ɗin ta ƙanƙance. Farantin ya kumbura ya yi baƙi.

Matar ta karɓi wayarta ta tafi. Ya ja tawul ya rufe bas ɗin, ya zauna hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Gumi na bin bayansa. Ji yake kamar duk layin sun ga abin da ya yi, alhali kowa harkar gabansa yake.

Ya yi ta yawo a kwanakin da suka biyo. Ya shiga wurin masu tsofaffin kaya, ya tona buhunan rediyoyi da fankoki da matattun agogo har yatsunsa suka yi baƙi. Duk wanda ya nuna wa narkakkiyar giyar sai ya juya ta ya girgiza kai. Wani ya tambaye shi ko da wuta ya dafa ta. In Auta ta kira sai ya bar wayar ta yi ta ƙara, daga baya ya tura mata cewa ana kan aiki. Ita kuma ta amsa da cewa kada ya takura kansa. Wannan ya fi komai ƙona shi.

A hanyar dawowa ne wata rana ya tsaya a shagon kayan wasan yara. Akwai wata jar mota ta roba a ƙasa tana yawo, tana dukan ƙafar kanta tana juyawa, tana waƙa da ƙyalƙyalin fitilu. Ya daɗe yana kallonta. Ya san abin da Auta ta ce masa. Ya tuna kalma da kalma. Duk da haka ya saya.

Aikin ya yi kyau, wannan ne abin takaicin. Ya fasa jar motar, ya ciro cikinta, ya yanke wayar waƙar, ya daidaita tayoyin su faɗa daidai ramin na da. Ya ɓoye ƙananan baturan a ƙarƙashin kujerun fasinja, ya liƙe murfin tsohon gidan batir da gam. Narkakkun kayan ya zuba su a leda ya tura can ƙarshen durowa. Dogo ya ɗaga bas ɗin ya duba sama da ƙasa, ya ce wallahi ko wanda ya ƙera shi sai ya rantse nasa ne, wa ma zai buɗe?

Da la'asar ya je gidan su Auta. A hawa na sama suke, matakalar duhu gare ta. Auta ta buɗe masa ƙofa idanunta na kan tawul ɗin da ke hannunsa. Baba na zaune a bakin gado kusa da taga, ƙafafunsa kumburarru a kan matashi, sandarsa a jingine, kwalaben magani a jere a kan ɗan tebur. Injiniya ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ajiye bas ɗin a kan ledar ɗakin ya danna makunni.

Fitilun gaba suka kawo. Bas ɗin ya yi ɗan tsalle ya tafi, ya daki ƙafar tebur, ya ja da baya, ya juya ya nufi ƙofa.

Baba ya fara da dariya, irin wadda ke girgiza kafaɗu, can kuma sai ga hawaye a gemunsa. Ya riƙa nuna wa Auta da yatsa, yana cewa ta gani, ta gani, har yanzu direban nan bai koyi taka birki ba. Auta ta zauna a ƙasa ta rungume gwiwoyinta, fuskarta ta koma ta yarinya. Baba ya tambaya ina ham ɗin. Injiniya ya ce shi ne ya gagara. Baba ya ce ba komai, shi ma muryarsa ai ta tafi.

Sai Baba ya miƙo hannu ya ce Injiniya ya matso. Ya riƙe hannun Injiniya cikin nasa biyu, busassu masu ɗumi. Ya ce yaran yanzu ba sa gyara, cirewa suke su yar su sa sabo, shi ya sa da Auta ta ce za ta kai bas ɗin bai sa rai ba.

"Amma kai ka zauna da tsohon abu ka lallaɓa shi har ya tashi," in ji Baba. "Mai wannan haƙurin zai iya da 'yata. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya ce amin ƙasa-ƙasa. Kunnuwansa sun yi zafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

Bas ɗin ya shige ƙarƙashin kujera ya maƙale yana ta gurnani. Auta ta miƙa hannu ta jawo shi. Hannunta ya ɗaga sama fiye da yadda ta yi niyya, kamar wanda ya ɗauki bokitin da ya zaci da ruwa a ciki. Ta tsaya. Ta auna shi a tafinta. Ta kifa shi, ta sa farce a murfin gidan batir, murfin ya ƙi buɗewa. Ta dubi Injiniya sau ɗaya, ta kashe bas ɗin ta ajiye a gefen Baba, ta ce bari ta raka baƙo.

A kan matakala ta tsaya, ta jingina da bango. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi ina kayan cikin. Ya gaya mata duka, bututun, ƙaurin, yawon da ya yi, jar motar. Yana magana yana kallon yatsun ƙafarta. Ya ce tsoro ya ji kada ta raina shi. Ya ce ya ga yadda ta rungumo shi ranar nan, ya kasa tunanin mayar mata da shi a ƙone.

Wani yana jan ruwa a famfon ƙasa, ƙarar na hawowa.

"Da ka kawo min shi a ƙone, da na yi kuka na gama," ta ce. "Kowa hannunsa na kuskure. Amma ka durƙusa, tsohon nan ya riƙe hannunka yana sa maka albarka a kan abin da ba ka yi ba, ka ce amin. Wannan ne ban san inda zan ajiye shi ba."

Ya ce ta gaya masa abin da zai yi. Ta ce ita ba za ta gaya masa ba, kuma ba za ta gaya wa Baba komai ba. Ta juya ta koma ciki, ta bar ƙofar a buɗe.

Ya tsaya a duhun matakalar. Ƙasa akwai titi da hayaniya da mutanen da ba su san shi ba. Ya sauka taki kaɗan, ya tsaya, ya riƙe ƙarfen gefe har tafinsa ya yi sanyi. Sannan ya hawo.

Baba ya sake kunna bas ɗin, yana tare masa hanya da bakin sanda yana dariya ƙasa-ƙasa. Injiniya ya durƙusa daga bakin ƙofa, bai iya matsawa ciki ba. Ya ce Baba, akwai maganar da bai faɗa ba. Ya maimaita abin da ya faɗa a matakala, wannan karon ya fi gajarta. Ya ƙare da cewa jikin ne kawai na da, cikin duk na wata mota ne, shi ya ƙona na ainihin da hannunsa.

Dariyar ta bar fuskar Baba a hankali. Bas ɗin ya zo ya daki sandar, ya juya, ya sake dawowa ya daka. Ba wanda ya kula shi. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauke shi ya kashe, ya ɗora a cinya. Ya daɗe yana kallon fasinjojin da ke taga.

Can ya tambaya ko ya zubar da kayan. Injiniya ya ce suna nan.

"Ka kawo min su. Ko ba sa motsi, su na saya." Ya goge gemunsa da bayan hannu. "Albarka kuma na riga na sa, ba a janye ta. Sai dai ka bar ni yau. Raina bai yi daɗi ba."

Injiniya ya ce to. Ya miƙe, ya kasa samun takalminsa ɗaya sai da ya laluba. Bai yi tsammanin rakiya ba, bai kuma waiwaya ba. Ya kai tsakiyar matakala ya ji motsi a bayansa.

Auta ce a bakin ƙofa, idanunta ja. Ba ta sauko ba. Ta ce gobe in ya tashi daga aiki ya zo da kayan a kwali, kada ya bar ko ɗan ƙarfe ɗaya a durowa. Ta ce kuma ya zo da sukudirebansa, don shi zai cire abin da ya sa ya mayar da na da, a gabansu, ita za ta riƙe masa fitila.