Layin da ke Ƙasan Takarda

Malamin lissafi ya ba jikata sifili a aikin gida. Bayan wata biyu ya mutu.

Katangarmu ɗaya da shi, shekara ashirin da shida. Ni kafinta ne. Aji uku na yi a makaranta na fita. Shi kuwa a kwaleji yake koyar da wani lissafi da suke kira kalkulas. Jikata ta ce lissafi ne na yadda abu ke canzawa, da yadda layi ke lanƙwasa. Na ce ni a wurina katako in ya lanƙwashe, wuta ake hurawa da shi.

Ranar farko yakan raba wa ɗalibai takardar doka, kowa ya sa hannu. Aikin gida maki talatin, jarrabawa saba'in, hamsin ake nema a haye. Akwai akwati a ƙofar ofishinsa inda ake zuba aikin. Ni na ƙera masa shi, har da kwaɗon. Ƙarfe goma na ranar Litinin yake rufewa. Bara jikata ta faɗi wannan darasin, kuma wanda ya faɗi sau biyu kora ce. Ni na riƙe ta tun tana shekara huɗu. A zuriyata ita kaɗai ta taka ƙofar kwaleji.

Ranar Litinin ɗin da safe injin yanka katako ya cire mini yatsa biyu. Ita kaɗai ce a gida. Ta ɗaure hannun da ɗankwalinta ta kai ni asibiti, aikin yana cikin jakarta. Sai ƙarfe huɗu muka dawo. Ta ƙwanƙwasa wa malamin ƙofar gida, ina tsaye a bayanta da bandeji.

"Subhanallahi. Sannu, Kafinta," ya ce. Sannan ya dubi takardun da ke hannunta. "Nan gida ne, ba ofis ba."

"Malam, asibiti muka je. Ga takardar likita."

Ya sa tabarau ya karanta. "Wannan ai sunan kakanki ne."

"To ai shi ya ji ciwon."

"Doka ta ce rashin lafiyar ɗalibi. Kin karanta, kin sa hannu."

Ta buɗe baki za ta roƙe shi. Na ce, "Wuce mu tafi." Ban taɓa roƙon mutum ba, ba zan tsaya a roƙi wani a gabana ba.

Daga ranar na daina gaishe shi. In ya fito na juya wa titi baya na ci gaba da aikina. Jikata takan ce, "Tsoho, kai da shi fa uwarku ɗaya ubanku ɗaya a taurin kai." Nakan ce ta rufe mini baki.

Aka yi jarrabawa. Sati bai cika ba malamin ya kwanta. Ciwon ciki ne, irin wanda likita ke cewa a koma gida a ci gaba da addu'a. Wata safiya matarsa ta zo shagona ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kafinta, aiki na kawo maka, ba sulhu ba. Ya ƙi barin takardun yaran nan, ga shi ba ya iya zama. A kan gwiwarsa yake dubawa, suna ta zubewa ƙasa, ni ce mai tsinta. Ka yi masa ɗan tebur na kan gado."

Aiki aiki ne. Na yi shi da yatsa takwas, na goge shi har ya yi santsi, na sa masa ɗan baki a gefe don kada biro ya gangara. Na kai da kaina, don in ga ko ƙafafun sun zauna daidai.

Ɗakin yana warin magani. Ya rame, tabarau ya yi wa fuskarsa yawa. Takardu ɗari da wani abu a jere a kan kujera, kowace an naɗe kanta an danne don kada ya ga sunan mai ita, sai ya gama duka yake buɗewa. Ya shafa teburin da tafin hannu.

"Ba ya rawa," ya ce.

"Aikina ba ya rawa."

"Zauna mana, Kafinta."

"A tsaye na zo."

Ya yi ɗan murmushi. "Na gama duba jarrabawa jiya. Jikarka ta samu arba'in da ɗaya. Ta yi ƙoƙari."

Ko ni da aji uku na san arba'in da ɗaya ba hamsin ba ne. Can ya ce, "Aikin gidan nan nata, yana nan?"

"Yana nan."

"Ta kawo in gani."

Na fita ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A raina na ce ciwo ya yi laushi da shi. Jikata ta kai masa da kanta, ta dawo tana dariya, har ta tsokane ni wai abokina ya fi ni imani.

Kwana biyu ya yi a kan aikin. Shafi goma sha ɗaya. Rana ta uku ya aika a kira mu. Ya miƙa mata aikin. Kowane shafi ya bi shi layi-layi da jan biro. A saman shafin farko ya rubuta ashirin da takwas, ya zagaye shi.

"Duk ajin ba wanda ya kai ki," ya ce. "Tambaya ta shida, hanyar da kika bi ban koya muku ita ba. Ina kika samo ta?"

"Ni na gwada, Malam."

"Ta fi tawa gajarta."

Ta durƙusa za ta yi godiya. Ya ce, "Duba ƙasa."

A can ƙasan shafin, a farin wurin da ba rubutu, ya ja layi guda da ƙananan baƙaƙe. Ta karanta mini da ƙarfi, don ni ba na gane rubutunsa. "An kawo a makare. Sifili."

Na ce, "To me ya sa ka wahalar da kanka, kana wannan hali?"

"Ya kamata ta san ta iya."

"Ta kai sanin ina? Kasuwa?"

"Kafinta, yara bakwai suka makara bana. Ɗaya mota ce ta lalace da shi a hanya. Ɗaya haihuwa matarsa ta yi. Ba wanda yake maƙwabcina a cikinsu."

"Ba wanda ya ɗauki kakansa yana zubar da jini a cikinsu."

Ya rufe ido. "Ka yafe mini in za ka iya. Bar takardar a kan sauran, 'yata."

Ta ajiye. Ba ta yi kuka a gabansa ba, wannan kam jinina ce. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Na fita.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ina goge ƙafar kujera na ji kukan matarsa ta bayan katanga. Na ajiye aikin. Ina cikin waɗanda suka ɗauke shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ɗalibansa sun zo da yawa, har da masu furfura. Ɗansa guda, da ke wani gari, bai zo ba.

Da mutane suka ragu, matarsa ta gaya wa jikata cewa gobe mutanen kwaleji za su zo kwasar takardu. Bai kai ga shigar da maki a rajista ba. Abin da suka gani a kan kowace takarda, shi za su tara.

Na zauna a shago har rana ta karkata, ban buga ƙusa ko ɗaya ba. Sannan na ɗauki rular ƙarfe da sabuwar reza na sa a aljihu. Ban gaya wa jikata ba.

Na tarar da matar a ɗakinsa, tana ɗaure takardun da igiya. An yaye zanen gadon. Teburina yana kan katifa.

"Uwargida, ya haƙuri?"

"Da godiya, Kafinta."

Takardar jikata ce a sama. Na fito da rular na ɗora a ƙasan shafin, daidai saman layin nan. Faɗin yatsa ɗaya ne, bai fi ba.

"Ashirin da takwas ɗin nan da hannunsa ya rubuta," na ce. "Ba ƙarya a ciki. Ba zan ƙara ko ɗigo ba. Yanka ɗaya zan yi, ba mai ganewa."

Ta dubi rezar, ta dube ni.

"Shekarata saba'in da uku ban roƙi kowa ba," na ce. "Yau ina roƙonki."

Gwiwata ba ta saba ba, amma na kai ta ƙasa.

Ta ajiye igiyar. Sannan ta ce, "Ɗana ya zauna a ajin Malam. Maki biyu ya rasa. Takardar ta kwana uku a ɗakin nan, biron yana kusa da ita, Malam kuma ya yi tafiya. Na iya rubutunsa kamar nawa. Ban taɓa ta ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yaron bai tako gidan nan ba, ko ranar jana'iza."

"Wannan yarinya ba ta yi miki laifi ba."

"Ba ta yi ba. Tashi, Kafinta, ka girme ni."

Ta zare takardar daga ƙarƙashin rular a hankali, ta mayar da ita kan sauran, ta daidaita gefensu da tafin hannu. Ta ja igiyar ta ƙulle, ta ɗora ɗaurin a cinyarta.

"Uwargida..."

"A'a," ta ce. "Ba za a yanke ba."