Umarnin Da Ke Sama

Shekara ashirin da shida na yi ina gadin wani injin casar shinkafa a hanyar Lau, buhu ɗaya bai taɓa fita babu takarda ba. Aikin ƙofa na san shi.

'Yata Ikilima ce ke kula da ɗakin kwamfuta a wata makaranta a Nukkai. Iyaye suka kai ƙara cewa yaransu na shiga shafukan cacar ƙwallo a can. Shugabar makarantar, Madam Rebeka, ta ce in ba a toshe su kafin Litinin ba za ta rufe ɗakin, Ikilima ta nemi wani aikin.

Ranar Asabar da la'asar ta zo ta zauna bakin tabarmata da kwamfutarta, ko ruwa ba ta sha ba. Ta ce shafi arba'in ta rubuta a hana, amma duk suna buɗewa. Na ce ta yi mini bayani ba da Turancinsu ba. Ta ce akwai wata na'ura, furoksi, ta wurinta duk kwamfutocin ke fita intanet, ita ke bari ko ta hana, bisa dokokin da aka jera mata.

"Maigadi ke nan," na ce. "Karanto mini umarninsa daga sama."

"Baba, na saman ba nawa ba ne. Wanda na gada ya rubuta."

"Cewa na yi ki karanta."

Ta karanta. Layin farko cewa ya yi a bar kowa ya wuce.

Na gaya mata duk ranar da manaja ya ce mini da safe in bar kowa ya shiga, takardar hani da za a miƙo daga baya ko kallonta ba na yi. Ta ce ashe ita ma na'urar daga sama take karantawa, dokar da ta fara dacewa ita take bi. Ta ɗauki mayafinta ta tare keke, ta koma makarantar.

Ni shawarata a mayar da layin ƙasa. Ita sai ta goge shi gaba ɗaya, ta jera shafukan karatu da na jarrabawa a sama, a ƙarshe ta rubuta a hana duk abin da ba a ambata ba. Wannan ban koya mata ba.

Litinin Madam ta zauna da kanta ta gwada. Na caca ko ɗaya bai buɗe ba, na jarrabawa ya buɗe. Ta bar ɗakin a hannun Ikilima, ta kuma aiko a gaishe ni, wai injiniyan da ya ba da shawara.

Na ce a gaya mata ni maigadi ne. Injiniyar tana wurinta.